HAKKIN RAFI A KAN MAƘWABTANSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya ruwa ya zama abin shanmu kuma abin tsarkinmu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan ruwa yake. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ba ya yin nisa sai ya iske maganar ruwa, watau wanda ake tsarki da shi da wanda ba a yi. Tun muna yara aka karantar da mu cewa idan najasa ta canja launin ruwa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, to ya tashi daga ruwan ibada, ya kuma tashi daga ruwan al'ada. Wannan kowa ya haddace shi. Amma akwai wata tambaya da ba safai muke yi wa kanmu ba, ita ce: wane ne aka ɗora wa alhakin tsare ruwan don kada ya canja tun farko? Rafin da ya ratsa bayan unguwarmu, da ƙoramar da ke gefen gonakinmu, da kududdufin da dabbobinmu ke sha, a wuyan wa suke?

Amsar da za mu kafa wa hujja a yau ita ce, suna wuyan jama'ar da ke zaune a gefensu, kafin su zama a wuyan kowa. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun lissafa tunkuɗe cuta daga Musulmi a cikin farillan kifaya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu. Ma'anar farillar kifaya kuwa ita ce, idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kowa ya yi ko oho to laifin ya hau kan duk mai iko.

INDA RUWAN RAFI YAKE FITOWA

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mu fahimci yadda Allah ya tsara tafiyar ruwa a bayan ƙasa. Ka dubi rufin soro idan ana ruwan sama. Duk ɗigon da ya sauka a kansa, ko a tsakiya ko a gefe, gangarowa yake yi ya fita ta indararo ɗaya. In akwai kashin tantabara a kan rufin, ko toka, ko ganye, duk da su ruwan zai sauko. To haka ƙasa take. Kowane rafi yana da faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikinsa, da tudunta da gonakinta da lungunan garuruwanta. Wannan ita muke nufi da magangarar rafi. Saboda haka mutumin da gidansa ke nesa da rafi da tafiyar rabin sa'a, wanda bai taɓa ɗiban ruwansa ba, shi ma yana da hannu a cikin tsabtarsa ko ƙazantarsa, domin kwatamin gidansa can yake ƙarewa.

Alal misali, mu ɗauki ruwan ƙasar Kano. Kogin Kano yana tasowa daga tuddan kudancin jihar, ya taru a madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Kogin Chalawa yana zuwa daga yamma, shi ma an datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992. Idan suka haɗu sai su zama kogi ɗaya, ya wuce ta Wudil, ya shiga Jihar Jigawa, ya kai Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Abin da ya tsira daga nan ya gamu da ruwan Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a wajen Diffa, har ya faɗa Tafkin Chadi. Ashe ke nan mai wanki a Wudil da masunci a Nguru da mai noman tattasai a Diffa duk ƙwarya ɗaya suke sha, ko sun san juna ko ba su sani ba.

DARASIN JAKARA

Babu rafin da ya fi cancanta mu yi wa'azi da shi kamar Jakara, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Kano. A gefensa aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Matsalarsa kuwa ba ta yau ba ce, domin Baturen nan ɗan Jamus, Dakta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarimu, da ya zo Kano a 1851 ya ambaci ruwan Jakara da ke kwance a cikin birni da rashin lafiyar da ke tattare da irinsa. Amma a wancan zamani mutanen birnin ba su kai ko kusa da yawan na yau ba, kuma abin da suke zubarwa mai ruɓewa ne, ƙasa tana cinye shi.

Yau fa? Ruwan wanka da na wanki da na bayan gida daga unguwanni masu yawa a Jakara yake ƙarewa. Ga jini da tumbi daga mayanka, ga ruwan rini, ga baƙin mai daga garejin makanikai, ga leda da robar ruwa waɗanda ba sa ruɓewa. Da ya fita daga birni sai ya gamu da rafin Getsi, wanda ke kwaso ruwan unguwar masana'antu ta Bompai, su tafi tare har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. An rufe wani sashe na rafin da kankare a cikin birni, an shimfiɗa hanya a kansa, wanda ya rage wari da zaizaya a wannan wuri. Sai dai rufe kan tukunya ba ya canja abin da ke cikinta.

Abin da zai sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani shi ne wannan. A gefen Jakara da Getsi akwai masu lambu da yawa, talakawa masu neman halaliyarsu, waɗanda da rani da wannan ruwa suke ban ruwan latas da kabeji da karas da alayyafo. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun gubar ƙarafa irin su dalma da kuromiyam, wanda ake amfani da shi wajen jimar zamani. Kayan lambun nan kuwa kasuwannin birni ake dawo da su. Watau abin da muka zuba a kwata da hannunmu, shi ne yake dawo mana a cikin kwanon abinci, mu ci, mu ba 'ya'yanmu. Irin wannan hali ne ake ciki a rafin Salanta, wanda ke kai ruwan masana'antun Sharaɗa cikin Kogin Chalawa, kogin da birnin ke ɗibar ruwan famfo daga gare shi. Allah ya sanar da mu a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu wani sashe nata ne don su komo kan hanya.

ABIN DA SHARI'A TA SHIMFIƊA

Shari'ar Musulunci ta sauka a ƙasar da ruwa ke da tsada ƙwarai, saboda haka ba ta bar maganarsa a dunƙule ba. Za mu taƙaita a kan ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, ruwan da ba wanda ya haƙa ko ya tara, kamar kogi da rafi da tafki, na tarayya ne. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Da Muhajirai suka isa Madina ruwan daɗi ya yi musu wuya, sai Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma da dukiyarsa ya mai da ita wakafi, gugansa ya zama daidai da gugan kowa. Mu lura da cewa abin tarayya yana da masu shi, kuma suna da yawa. Kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauka abin da yake na kowa ba na kowa ba ne. Wanda ya ɓata rafi ya ci amanar duk wanda ke da rabo a cikinsa, har da jariri da baƙo da dabba, kuma ranar da za a nemi yafewa bai san ma adadin waɗanda zai roƙa ba.

Ta biyu, an hana ƙazantar da ruwa. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin fitsari a cikin ruwan da ke kwance ba ya gudu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi game da yin bayan gida a wurare uku da ke jawo wa mai yi tsinuwar mutane, watau mashaya, da tsakiyar hanya, da inuwar da ake hutawa. Likitocin zamani sun nuna mana wani ɓangare na hikimar wannan hani. Cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, ƙwayayenta suna fita ne cikin fitsarin mai ciwon. Idan suka shiga ruwa sai su ƙyanƙyashe, su shige jikin wata ƙaramar katantanwa, su yi yawa a can, sa'an nan su fito su huda fatar wanda ya shigo wanka ko kamun kifi. Da za a daina fitsari a ruwa, da igiyar cutar ta tsinke. Haka kuma kwalara, mai sa amai da gudawa, ta hanyar bayan gidan da ya gauraya da ruwan sha take yaɗuwa. A shekarar 2021 kaɗai an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

A nan akwai wata shubuha da ya wajaba a warware. Za ka ji mutum yana zuba shara a rafi, in ka yi masa magana ya ce ai ruwa mai gudu ba ya ɗaukar najasa. Wannan fahimta gurguwa ce ta fuska biyu. Da fari, malamai sun haɗu a kan cewa ruwa, ko mai yawa ko kaɗan, ko mai gudu ko na kwance, muddin najasa ta canja ɗaya daga siffofinsa uku to ya najastu. Wa zai dubi Jakara da rani ya ce launinsa da warinsa ba su canja ba? Na biyu, hukuncin ingancin alwala daban, hukuncin cutar da mutane daban. Ƙwayar kwalara ba ta canja launin ruwa, dalma ba ta da wari, amma suna kisa. Haramcin cuta da cutarwa kuwa ƙa'ida ce tabbatacciya wadda Imamu Malik ya kawo asalinta a Muwaɗɗa.

Ta uku, na sama yana da hakki, amma ba shi da ikon hana na ƙasa. Buhari ya kawo labarin jayayyar Zubairu ɗan Awwam da wani mutumin Madina a kan wata ƙorama da suke shayar da dabino da ita. Gonar Zubairu ce a sama, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya shayar sa'an nan ya saki ruwan ya wuce wa maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa kuma an kawo hukuncin rafukan Mahzur da Muzainib na Madina, inda aka iyakance wa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake shi. Har wa yau a Muwaɗɗa akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gonar ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta shi, domin abin zai amfani maƙwabcinsa, shi ma ya amfana, kuma ba zai cuce shi da kome ba. To in an hana na sama tsare ruwa mai kyau daga na ƙasa, yaya hukuncin wanda ya sakar masa ruwa mai guba?

Ta huɗu, ruwa yana da hurumi. Kalmar nan tamu ta hurumi daga Larabci take, kuma a fiƙihu harimi shi ne filin da ke kewaye da rijiya ko idon ruwa ko kogi, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ko ya yi abin da zai cuci ruwan a cikinsa ba. Hanafawa sun ƙayyade wa rijiya kamu 40 ta kowane gefe. Malikawa kuwa ba su yanke adadi ba, sun ce huruminta shi ne gwargwadon abin da zai tsare ruwanta daga cuta, kuma ya ishi masu zuwa sha ba tare da ƙunci ba. Daɗin daɗawa akwai hima, watau filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kamar yadda Annabi ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malamanmu na ƙasar nan ba su jahilci wannan babi ba, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Saboda haka wanda ya yanka fuloti a bakin rafi ya sayar, da wanda ya cike kududdufin unguwa da shara don ya yi gini, da wanda ya haƙa masai dab da rijiyar jama'a, duk sun shiga hurumin da ba nasu ba. Idan damina ta zo ruwa ya rasa hanyarsa ya shiga ɗakunan mutane, sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta kankare laifin wanda ya toshe hanyar.

INDA JAMA'A SUKA TASHI TSAYE

Kada wani ya ce wannan magana ce ta cikin littafi wadda ba ta aikatuwa. Mun gani da idonmu a ƙasar nan.

Dattawanmu sun san kurkunu, tsutsar nan da ke fita a ƙafa ta kwantar da manomi a tsakiyar damina. Binciken da aka yi a ƙauyukan Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ya ƙirga fiye da mutum 650,000 masu ɗauke da ita. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. Yadda take yaɗuwa shi ne, mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyin raɗaɗi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta a ruwa, wasu ƙananan ƙwari su haɗiye su, wani ya zo ya sha, bayan kamar shekara guda ta fito masa. Da me aka yaƙe ta? An haƙa rijiyoyi, an sa magani a wasu tafkuna, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sun yi ta zagaya suna jan hankalin hukumomi. Amma ƙashin bayan aikin mutanen ƙauye ne: 'yan sa kai masu kai rahoto, da mata masu tace ruwa da ƙyalle, da masu gadin tafki waɗanda ke hana mai ciwo shiga ruwa, a ɗebo masa a ba shi a waje. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a Nijeriya da Nijar, Gana kuma a 2015. Ga cutar da ta addabi kakanninmu ɗaruruwan shekaru, tsaron bakin tafki ya kawar da ita.

Misali na biyu yana fadamun Haɗeja da Nguru. Madatsun Tiga da Chalawa sun kawo alheri mai yawa, domin da ruwansu ake noman shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura, da shi kuma birnin Kano ke sha. Amma sun canja ɗabi'ar kogin a ƙasa. Da can yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, sai ciyawar kachala ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi da laka ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa ruwa ya cinye gonakinsu, wasu kuma a ƙasa suka rasa na ban ruwa, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikin ciyawar suna cinye hatsi. A shekarun 2000 mutanen garuruwan da ke bakin waɗannan magudanai, manoma da masunta da makiyaya, suka riƙa fitowa gayya da lauje da adda da kwalekwale suna yanke kachala suna buɗe wa ruwa hanya. A 2006 jihohi shida da ke tarayya a wannan ruwa, watau Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya aka kafa asusun kula da shi. Aikin bai ƙare ba, domin kachala tana sake tofowa, kuma wani wurin sai da injin hukuma. Amma darasin a fili yake: na sama da na ƙasa sai da suka zauna a tabarma ɗaya kafin ruwa ya motsa.

Misali na uku tsohuwar al'ada ce. A Argungu, wurin nan na Matan Fada da ake bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan a 1934, ana hana su a cikinsa har sai lokacin da aka buɗe, kuma akwai Sarkin Ruwa mai lura da shi. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa suna da irin wannan doka a tafkunansu, ba a shiga sai ranar da aka yi shela. Wannan ita ce hima da muka ambata, ko da masu yi ba su kira ta da wannan suna ba, kuma saboda ita kifi ke samun sararin girma da hayayyafa.

TO, MENE NE ABIN YI?

Na san wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Lalle hukuma tana da nata kaso, kuma babba ne. Ita ce za ta tilasta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi, ita ce za ta kawo motar kwashe shara, ita ce za ta hana ba da fili a kan hanyar ruwa, kuma za a tambayi kowane shugaba game da abin da aka ba shi kiwo. Amma ma'aikacin duba-gari ba ya kwana a lungunmu. Mu ne muke ganin wanda ke fitowa da kwandon shara idan hadari ya haɗu don ruwa ya tafi da ita. Buhari ya ruwaito misalin mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda wajen zamansu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In aka bar su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ga abin da kowace unguwa da kowane ƙauye za su iya farawa da shi.

Na ɗaya, liman da mai unguwa da dattawa su zauna su tsayar da 'yan kwamiti na rafi ko kududdufin da ke wurinsu, a sa matasa a ciki, a sa masu lambu da makiyaya da masu sana'ar da ke zubar da ruwa, domin dokar da aka yi da mutum ta fi wadda aka yi masa saurin kamawa.

Na biyu, a taka a bi rafin daga inda ya shigo unguwa har inda ya fita, a san kowace kwata da ke zuba a cikinsa da abin da take kawowa. Sa'an nan a ziyarci unguwar da ke sama da wadda ke ƙasa a yi shawara, gama gyaran tsakiya ba ya ɗorewa in sama tana ɓatawa.

Na uku, a tsayar da ranar gayyar yashe magudanai kafin saukar damina, kamar yadda ƙungiyoyin taimakon kai da kai suka saba, kuma a kwashe abin da aka yaso a kai shi juji. In an bar shi a bakin kwata, ruwan farko zai mai da shi inda ya fito.

Na huɗu, a shata hurumin ruwa kowa ya san shi. Kada a yi gini a ciki, kada a yi noma har gaɓa, kada a haƙi yashi a inda zai sa gaɓar ta rufta. A dasa itatuwa da ciyawar jema, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa, tana kuma tace abin da ruwa ya ɗauko. Masai kuwa a nisanta shi da rijiya, masana lafiya suna ba da shawarar kamar mita 30, kuma ya kasance ta ɓangaren gangare.

Na biyar, a raba mashayar dabbobi da wurin ɗiban ruwan sha, a bar wa makiyaya burtalinsu zuwa ruwa. A hana wanke tankin feshin maganin ƙwari a rafi, a hana kamun kifi da guba, domin wannan kisan abin da ba a ci ba ne, kuma cutar da wanda zai ci ne.

Na shida, masallaci ya fara da kansa. Ina ruwan alwalarmu yake zuwa? Ina bayan gidan makarantar allonmu da ta Islamiyya? Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, watau cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, alhali mu muna sakin famfo yana zuba har mu gama. Malamai su sa wannan babi a cikin huɗuba da karatun tsakanin Magariba da Lisha, malamai mata su kai shi cikin gidaje, domin mata ne suka fi kowa sanin wahalar ruwa da jinyar yaro.

Na bakwai, abin da ya fi ƙarfin unguwa, kamar ruwan masana'anta, a rubuta shi a kai wa hukumar kula da muhalli da wakilan jama'a, da sa hannun mutane da yawa, cikin ladabi da naci, ba tare da ɗaukar doka a hannu ba. Mai masana'anta Musulmi kuwa ya sani cewa kuɗin da ya ƙi kashewa wajen tace ruwansa bai tsira da su ba, wani talaka ne yake biya a gadon asibiti.

Ya 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah sadakar da ta fi, don yana son ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Ba kowa ke da kuɗin haƙa rijiya ba, amma kowa yana da ikon ya hana hannunsa ɓata ruwan da Allah ya riga ya gudanar, ya kuma ba da safiya ɗaya ta ƙarfinsa wajen gyara shi. A ƙarshen Suratul Mulk Allah ya tambaye mu, in ruwanmu ya ƙafe ya nutse cikin ƙasa, wa ke da ikon kawo mana wani? Kowa ya san amsa. Saboda haka wannan mako, bayan an idar da sallar Juma'a, ka bi ta bakin rafin unguwarku ka dube shi da kyau, sa'an nan ka nemi liman da mai unguwa ku fara magana.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya shayar da mu ruwa mai albarka, ya kare mu daga cuta da annoba, ya gafarta mana abin da muka ɓata da sani da wanda muka ɓata da jahilci, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.